Ɗalibin Gabas da Ƙarfen Sabis: Tarihin Komawa Karatu a Wurno, Rabah da Goronyo



Akwai wani yayanmu, malamin firamare a ƙasar Rabah, wanda ya gama digirinsa na farko a 2006. Ya kama aiki, ya yi aure, ya tara iyali, sai bayan shekara goma sha biyar ya ce zai koma ya yi digiri na biyu. Ranar da ya shiga birni don yin rajista ya tafi da fayil cike da takardu, da hotunan fasfo dozin guda, da kuɗin makaranta a ƙulle cikin aljihun ciki, kamar yadda ya saba. Ya nufi allon sanarwa inda ake manna jadawalin lacca. Allon yana nan inda ya bar shi, amma takardar da ke jikinsa rana ta riga ta cinye rubutunta. Wani yaro da bai wuce sa'ar ɗalibansa na farko ba ne ya lura da shi yana dube-dube, ya ce masa, "Baba, kawo lambarka in sa ka a guruf, can ake faɗin komai." Kuɗin da ya ƙullo ma babu wanda ya karɓa a hannu, aka ce ya je ya ciro lambar biya a intanet. Da ya dawo gida yana ba mu labari yana dariya, amma ya ce ya ji kansa baƙo.

Labarinsa ne ya sa muka waiwaya baya. Magidanci ya ajiye sana'arsa ya koma gaban malami ba sabon abu ba ne a wannan yanki namu, an fi shekara ɗari biyu ana yi. Kayan aikin ne suke sauyawa, kuma duk lokacin da suka sauya, abin da ɗalibi yake zaman jira shi ma sai ya sauya.

Tun kafin a san kalmar digiri a ƙasar nan akwai matakin da ya yi kama da shi. Yaro ya sauke Alƙur'ani a makarantar allo, wannan mafari ne kawai. Mai son wucewa gaba sai ya shiga karatun zaure, littafi bayan littafi, daga Ahalari da Ishmawi da Iziyya zuwa Risala, har mai rabo ya kai Muhtasar. Masu wannan karatu galibinsu manya ne, masu gona da iyali. Kuma da yake malamin da ya ƙware a fiƙihu ba lallai ne ya ƙware a nahawu ko hisabi ba, dole ɗalibi ya riƙa tashi daga wannan gari zuwa wancan. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kansa sai da ya bi Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas. Idan mutum ya gama littafi a gaban malami sai a ba shi ijaza, wato shaidar da ke ambaton wanda ya karantar da shi, da wanda ya karantar da malamin nasa, haka har a dangana da mawallafin.

To, ina ɗalibin yake samun littafin? Da hannunsa yake kwafa, ko ya biya wani ya kwafa masa. Takarda kuwa ba a yin ta a nan. Yawancin wadda aka yi rubutu a kanta a ƙarni na 19 daga Italiya take fitowa, ta ratsa Sahara a kan raƙuma, kuma har yau idan ka ɗaga irin wannan takarda ka haska ta da rana za ka ga tambarin jinjirin wata uku a cikinta. Tawada a gida ake haɗawa da ƙaro, alƙalami a feƙe shi daga kara. Ba a ɗinke littafin. Warwaren shafuka ne a tsakanin bango biyu, a ɗaure, a zura cikin gafaka. Don kada shafukan su rikice, mai kwafa yakan rubuta kalmar farko ta shafi na gaba a ƙasan shafin da ya gama. Wannan rashin ɗinki yana da amfaninsa, domin littafi ɗaya yana iya rabuwa a hannun ɗalibai uku ko huɗu a dare guda, kowa yana kwafar rabonsa a gaban fitila, da safe a mayar wa mai shi.

Akwai wani ɗan labari da yake nuna tsadar littafi a wancan zamani fiye da duk wani bayani. Lokacin da Baturen nan Hugh Clapperton ya dawo Sakkwato karo na biyu a 1826, ya kawo wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello tsarabar littattafan Larabci, ciki har da littafin lissafi na Euclid. Bello ya yi murna, ya kuma shaida masa cewa gidansu sun taɓa mallakar kwafin littafin wanda aka kawo daga Makka, amma gobara ta cinye shi. A duba fa. Sarkin Musulmi ne guda, marubucin Infaƙul Maisuri, mutumin da sarakunan Kano da Katsina da Zazzau suke karɓar umarninsa, amma da wuta ta ci masa littafi ɗaya sai da ya jira wani ya taso daga Ingila kafin ya sake riƙe shi a hannu. Ina ga talakan almajiri?

Shi wannan Bello ne ya gina Wurno a matsayin ribaɗi, ya zauna a cikinta, a nan ya rasu a 1837, kuma hubbarensa yana nan. Ɗansa Aliyu Babba ma a Wurno ya fi zama, shi ya sa lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso a 1853 ya yi makonni a garin. Ya samu aron rubuce-rubucen shugabannin jihadi ya karanta, ya kuma haɗu da Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu, malamin Salame, wanda ya yaba da zurfin iliminsa. Wato akwai lokacin da mai neman ilimi mai zurfi Wurno yake nufowa. Yau ɗan Wurno ne yake sammakon shiga mota ta Achida don ya riski laccar ƙarfe takwas a birni.

Ba za mu bar wannan zamani ba sai mun ambaci Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, domin ita ce ta fara fuskantar matsalar da har yau ba a gama warware ta ba, wato yadda za a karantar da babbar mace mai aure da 'ya'ya wadda ba za ta iya barin ƙauyenta ba. Tsarin 'Yan Taru shi ne amsarta. Jajis, dattawan mata da aka amince da su, su ne suke zuwa wurinta su ɗauki karatu a cikin waƙoƙin Fulatanci da Hausa masu sauƙin haddacewa, su koma su karantar da matan garuruwansu. Idan yau ana yi mana alfahari da karatu daga nesa, sai mu ce mun taɓa gani, sai dai a wancan karo saƙon da ƙafa yake tafiya.

Kada a ɗauka muna kukan zamanin da ya wuce ne. Karatu ne mai jinkiri, mai cin shekaru, kuma waɗanda suka samu kaiwa ƙarshensa ƙalilan ne. Abu ɗaya dai ba a musu a kansa: wanda ya kwafi littafi da hannunsa ya karanta kowace kalma da ke cikinsa.

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, hanyar ta karkata wani wajen. Misali mafi kusa da mu ɗan Rabah ne, Ahmadu Bello. Ya yi makaranta a Sakkwato, ya wuce Kwalejin Katsina a lokacin da zuwa can tafiya ce ta kwanaki, ya gama a 1931, ya koyar, aka naɗa shi hakimin Rabah a 1934. A 1948, yana Sardauna, yana dab da shekara arba'in, ya tafi Ingila ya yi kwas a kan mulkin ƙananan hukumomi. Shi ma komawa karatu ya yi bayan ya girma. Ma'aikatan da ba su samu irin wannan dama ba, wasunsu ta gidan waya suka yi karatu: a aiko musu da darasi cikin ambulan daga makarantun Ingila irin su Wolsey Hall, su amsa su mayar, su zauna jiran maki na tsawon makonni.

Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, karatu mai zurfi ya matso kusa, amma har yanzu ɗan Goronyo sai ya yi ƙaura. A shekarun nan ne kuma wata na'ura ta fara taɓa tsofaffin littattafanmu. Masu bincike daga Ibadan da Zariya suka riƙa ɗaukar hoton shafukan a kan siririn fim wanda ake karantawa da na'ura mai haske. Murray Last, wanda littafinsa a kan Daular Sakkwato ya fito a 1967, a ɗakin karatun Waziri Junaidu ya yi mafi yawan aikinsa. A 1970 aka kafa Gidan Arewa a Kaduna. Daga nan sai ya zamana mai son nazarin abin da aka rubuta a Wurno yana iya buƙatar zuwa Kaduna ko Zariya ko Ibadan kafin ya gan shi.

An kafa Jami'ar Sakkwato a 1975, ta fara karatu a 1977 da ɗalibai 93, aka sauya mata suna zuwa Jami'ar Usmanu Danfodiyo a 1988. Iyayenmu da malamanmu da suka yi digiri na biyu a shekarun 1980 da 1990 suna ba da labarin wani irin karatu da yaron yau zai ɗauka tatsuniya ce. Ka shiga laburare, ka ja aljihun katako mai cike da ƙananan katuna, ka bi su ɗaya bayan ɗaya har ka samu lambar littafi, ka je kan kanta ka tarar wani ya ara. Idan ka samu, ka zauna ka kwafi abin da kake so a kan kati da biro. Mujallar bincike kuwa, wadda take kan kanta ta yi shekaru da fitowa, domin tun da darajar naira ta faɗi bayan 1986 sayen sababbi daga waje ya yi wa jami'o'i wuya.

Sai babbar wahalar, wato buga kundi. Da hannu ake rubuta shi, a kai wa mai keken rubutu, shi kuma ya jera takarda da kabon-fefa ya buga. Idan malamin da ke duba aikin ya ce a ƙara sakin layi ɗaya a shafi na ashirin, duk shafukan da ke bayansa sun gurɗe, sai a sake bugawa a sake biya. Saboda haka ɗalibi yakan yi tunani sau goma kafin ya rubuta jimla, malami ma yakan tausaya kafin ya ja jan biro. Ganin malamin kansa wani aiki ne. Kafin 2001 layukan tarho da ke aiki a Nijeriya gaba ɗaya ba su kai rabin miliyan ba, kuma ba a ƙauyukanmu suke ba. Mutum ya nemi izini a wurin aiki, ya shiga motar Goronyo da asuba, ya iso ya tarar da ofis a kulle, masinja ya ce malam ya yi tafiya sai mako mai zuwa. Idan saƙo ne na gaggawa, tasha ake zuwa a ba direba takarda a ninke, a haɗa masa da na goro. Shi ya sa wanda ya yi niyyar wannan karatu da gaske yakan nemi hutun ƙaro ilimi ya tare a birni gaba ɗaya. Wanda bai samu hutun ba ya haƙura. Matan aure kuwa, sai 'yar ƙalilan.

A watan Agusta na 2001 wayar salula ta fara aiki a Nijeriya, da Econet da MTN. Layi kaɗai ya fi albashin ƙaramin ma'aikaci, kira kuma naira hamsin ne minti ɗaya ko da gaisuwa kawai ka yi. Sai da Glo ta shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa farashi ya fara sauka. A daidai wannan tsakani ne yayan namu ya yi digirinsa na farko, don haka ya ga zamanin tsaka-tsaki: shagunan buga takardu da kwamfuta sun kori masu keken rubutu, ana kwana a kafe saboda intanet ɗin dare ya fi araha, ana adana aiki a faifan fulofi wanda ƙura kaɗan take lalatawa. Amma makaranta tana nan a inda take. Sanarwa a allo take, rajista a layi ake yin ta, malami a ofis ake samunsa.

Abin da ya faru a 2010 ya tabbatar da haka. A watan Satumba na shekarar ruwa ya yi ƙarfi a dam ɗin Goronyo, gulbin Rima ya yi ambaliya, ya cinye gonaki da gidaje tun daga yankinmu har ƙasa, ya kuma karya gadar da ta haɗa birnin Sakkwato da mazaunin jami'a na dindindin. Da gada ta karye karatu ya tsaya. Babu wanda ya kawo shawarar a ci gaba ta waya, domin a lokacin maganar ba ta da ma'ana.

Shekaru goma da suka biyo baya su ne suka juya komai. Wayoyin Android masu araha suka cika kasuwa, WhatsApp ya shiga kowane gida. A 2015 gwamnatin tarayya ta tilasta asusun bai-ɗaya, biyan kuɗin makarantunta ya koma ta Remita. Neman gurbi, rajistar kwasa-kwasai, duba sakamako, duk suka koma shafin intanet. Buɗaɗɗiyar jami'ar nan ta NOUN, wadda Shugaba Shehu Shagari ya kafa a 1983, sojoji suka dakatar da ita a 1984, aka farfaɗo da ita a zamanin Obasanjo, ta zama mafaka ga ma'aikatan da ba za su iya barin aiki ba.

Alherin da ke cikin wannan ba ƙarami ba ne, kuma duk wanda ya raina shi bai taɓa zama a motar haya awa biyu don ya tarar da ƙofa a kulle ba. Yayanmu yana zaune a gindin bedi bayan an tashi yara, ya buɗe Google Scholar ya sauko da maƙalar da aka wallafa a watan jiya a wata ƙasa. Abin da Sarkin Musulmi Bello ya daɗe yana jira, shi yana samun irinsa kafin shayi ya huce. Ya tura babi ta waya, gyara ya dawo masa da ja a cikin fayil ɗin, ya ƙara sakin layi a shafi na ashirin sauran shafukan su gyara zamansu da kansu. Mun san ma'aikaciyar jinya a ƙasar Goronyo da take sauraron laccar da aka naɗa a murya tana goyo tana tuƙa tuwo. A zamanin keken rubutu da wuya ta ko fara.

Sai dai akwai wani abu da ya ɓace ba a lura ba. A da, saboda sanarwa tana daɗewa kafin ta isa ga mutane, dole a ba da ita da wuri. Jadawalin da aka manna ranar Litinin shi ne zai yi aiki har Juma'a, domin babu hanyar sauya shi. Yanzu da saƙo yake isa nan take, sai aka koma ba da shi a makare. Ƙarfe goma na dare shugaban aji zai rubuta cewa laccar jibi ta dawo gobe ƙarfe takwas. Wanda yake Mabera ko Arkilla ya ga saƙo ya kwanta abinsa. Wanda yake bayan Gandi, idan ma wayarsa tana da caji, idan ma sabis ya kawo, sai ya fara lissafin wanda zai riƙe masa aji, da kuɗin mota, da ko hanyar tana biyuwa da asuba. Ba mugunta ce ta kawo haka ba. An dai gina tsarin ne a kan zaton cewa kowane ɗalibi ana iya samunsa a kowane lokaci, kuma wannan zato a birni aka yi shi.

A 2020 annobar korona ta rufe makarantu a watan Maris, yajin aikin ASUU na wata tara ya haɗu da ita. Aka yi ta maganar karatu ta intanet, wasu wuraren har kare kundi aka yi ta Zoom. Mu a nan gabas mun saurari maganar kamar yadda ake sauraron labarin wata ƙasa.

Sannan 2021 ta zo, shekarar da yayan namu ya koma. A farkon watan Satumba aka katse layukan sadarwa a Jihar Zamfara don a toshe wa 'yan bindiga hanyar samun bayanai. Kafin watan ya ƙare gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta bi sahu a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato, ciki har da Rabah da Goronyo. An kuma hana sayar da fetur a jarka, wanda ya shafi masu janaretan da ake kai wa cajin waya. Ba mu zo yin hukunci a kan matakin ba, domin wanda ya san abin da mutanen Gandi da Tabanni da ƙauyukan Isa da Sabon Birni suka gani ba zai yi saurin zargin mai neman mafita ba. Muna dai faɗin abin da ya haifar wa ɗalibi. A 2010 gada ce ta karye, makaranta ta tsaya ga kowa da kowa, aka jira juna. A 2021 gada tana nan lafiya, makaranta tana ci gaba a cikin birni, guruf yana ta aiki, ɗalibin gabas kaɗai ne aka cire daga ciki, kuma babu wanda ya lura da kujerarsa domin tun farko ba a kujera ake ƙirga shi ba.

Mutanen da ke kusa da iyaka suka koma neman layukan Nijar. Na ciki kuma sai tafiya neman sabis, kamar yadda ake tafiya neman ruwa da rani. Yayanmu yakan shigo birni ranar Asabar, yana kusantar gari wayarsa ta fara ƙara ba ƙaƙƙautawa, saƙonnin mako guda suna zubowa. A ɗaya daga cikin irin waɗannan Asabar ɗin ne ya tarar an matso da ranar gabatar da seminarsa, an sanar ranar Talata, an yi ranar Alhamis, an kira sunansa ba ya nan. Sai da ya jira zagaye na gaba. Dabarar da suka ɓullo da ita daga baya ita ce ta ba mu dariya da tausayi lokaci guda: wani abokin karatunsa da ke birni ya riƙa kwafe muhimman saƙonnin guruf da biro a takarda, ya ninke, ya kai tasha ya ba direba. Shekara ashirin bayan zuwan salula, an koma hannun direba da na goro.

Mun san rasa semina ƙaramin abu ne. Ranar 17 ga Oktoba na wannan shekarar, ana cikin katsewar layin, 'yan bindiga suka afka wa kasuwar Goronyo suka kashe mutum fiye da 40. Allah Ya jiƙansu, Ya kyautata namu zuwan. Mun kawo zancen ɗalibi ne domin shi ma yana cikin lissafin asarar da ba a rubutawa, kuma daga cikin irinsa ne yankin yake sa ran samun shugabannin makarantu da malaman kwalejin aikin gona ta Wurno na gobe.

Layi ya dawo daga baya, amma tsadarsa ta ƙaru. An cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota da na caji suka tashi. A farkon 2025 hukumar sadarwa ta amince a ƙara kashi 50 cikin ɗari a kan kuɗin kira da data. Ɗalibin digiri na biyu a yau, ban da kuɗin makaranta, yana da wasu kuɗaɗen da babu su a takardar shiga: kwamfutar cinya ko ta hannu ce, data, fawa-banki ko ƙaramar sola, da kuɗin wanda zai sarrafa masa alƙaluma a SPSS idan bai iya ba. Mu da muka fito daga kwalejin fasaha wannan lissafi ya fi tsaya mana a rai, domin mai babbar difloma yawanci sai ya bi ta PGD kafin a ba shi gurbin digiri na biyu, wato shekara guda ta ƙarin duk waɗannan.

Akwai kuma abin da ba ma son faɗi amma dole. Sauƙin samun rubutu ya zo da sauƙin satarsa. Jami'o'i suka kawo manhajoji irin su Turnitin don kama mai kwafe, nan da nan aka samu masu sana'ar sauya kalmomi har adadin ya sauko. Tun ƙarshen 2022 kuma ga ChatGPT da 'yan uwansa na ƙirƙirarriyar basira, waɗanda za su rubuta maka babi guda kafin ka idar da alwala, wani lokaci har da sunayen littattafan da ba a taɓa wallafawa ba. Almajirin Wurno yana da littafi biyar a gafaka, ya san su ciki da waje. Mu muna da fayil ɗari biyar a waya, da yawansu shafin farko kawai muka buɗe, kuma mu ma masu wannan rubutu ba mu fita daga ciki ba. Ijaza tana cewa wane ya zauna gaban wane ya karanta littafi kaza daga farko har ƙarshe. Yana da kyau masu ba da shaidar yau su tambayi kansu abin da tasu takardar take shaidawa.

Yajin aikin 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya ƙara wa yayanmu wata takwas, sai a 2024 ya kare kundinsa. Duk da cewa a waya aka yi kusan komai, a ƙarshe sai da aka ce ya kawo kwafi a buge, a ɗinke da bango mai tauri, ya rungumo su a motar haya ya kai. Ya ajiye guda ɗaya a gida cikin akwatin ƙarfen mahaifinsu, Allah Ya jiƙansa. Da ya buɗe akwatin ya nuna mana, akwai Risalar da tsohon ya kwafa da hannunsa tana cikin gafakarta, gefen shafukan sun yi ja amma ya karanta mana layi biyu ba tare da tangarɗa ba. A ƙarƙashinta akwai faifan fulofin da ya adana aikin digirinsa na farko a 2006. Ya ce ya zaga shagunan kwamfuta da shi a birni, bai samu mai na'urar da za ta buɗe shi ba.